Lambar Mene Ce? Tambayar Da Ta Kamata Mu Koya Wa Ƴaƴanmu Kafin Na'ura Ta Cuce Mu



A damanar da ta wuce, bayan isha'i, aka turo yaro ya kira ni gidan kawuna a nan Safo, wai jikinsa ya rikice. Kawu ya daɗe yana fama da ciwon sukari, har ya kai ga yi wa kansa allurar insulin. Na tarar da shi a kan tabarma, gumi na karyo masa, hannunsa na rawa, magana ma da ƙyar take fita. Na'urar awon sukarin da ɗansa ya aiko masa daga Kano tana nan lafiya lau, sai dai ƴan tsinkayen da ake ɗiga jini a kansu sun ƙare. Waɗanda aka sayo a wani shago sun ƙi shiga bakinta, domin na wani kamfani ne daban. Sai aka aro ta maƙwabci, aka soki yatsa, ta nuna 60.

Matar kawu ta dube ni ta ce, "Mushe, kullum bakwai ko takwas muke gani, yau ga sittin. Sukarin ne ya hau, bari a ƙara masa allura." Sirinjin ma yana hannunta.

Na karɓi na'urar na haska da fitilar waya. A gefen lambar akwai ƙananan haruffa, mg/dL. Na ɗauko tasa, na duba awon ƙarshe da ta ajiye, sai ga mmol/L. Wani ma'aikacin lafiya ya taɓa gaya mini cewa tsakanin ma'aunan nan biyu rabawa ake yi da 18. Na raba 60 da 18, ya ba ni 3 da ɗigo 3. Na ce, "Inna, ajiye allurar nan, sukarinsa sauka ya yi." Aka dama sukari a ruwa aka ba shi, kafin kwata ɗin awa ya fara dawowa hayyacinsa, da gari ya waye muka kai shi likita.

Babu na'urar da ta yi ƙarya a daren nan, kuma Inna ba ta yi sakaci ba. Kowace na'ura ta faɗi gaskiya da yarenta, mu ne ba mu san yare biyu ake yi a ɗakin ba. Da an yi wannan allura, da watakila yau wani labari nake ba ku.

Tun daga ranar nake bibiyar wannan batu, sai na gano ashe manyan asibitocin duniya sun daɗe suna fama da shi. Suna kiransa da abin da zan fassara da jituwar na'urorin likita, wato na'ura ta iya aiki tare da ƴar'uwarta, ta miƙa mata bayani, bayanin kuma ya isa da ma'anarsa ba tare da an cuci majinyaci ba. A can, maganar ita ce yadda na'urar da ke lura da bugun zuciya za ta yi magana da famfon da ke tura magani a jijiya, da kuma kwamfutar da ke ajiye bayanan majinyaci. Sun kafa ƙa'idoji domin haka, irin su HL7 na musayar bayanan lafiya, da DICOM na hotunan cikin jiki, da IEEE 11073 na na'urorin gefen gado. A shekarar 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da jagora ga kamfanoni a kan yadda za su ƙera na'urori masu iya haɗuwa da wasu cikin aminci.

Mai karatu zai ce, to mu da ke Safo ina ruwanmu da wannan? Ra'ayina shi ne mu muka fi kowa ruwa da tsaki. Asibitin Turai yakan sayi kayansa bisa tsari ɗaya, yana da injiniya a ƙofa. Mu kuwa kayanmu tsintuwa ne daga ko'ina: wannan gwamnati ta kawo, wancan ƙungiyar agaji ta bari, wani ɗan gari ne ya aiko daga Kano ko Yamai ko Faransa. Ga shi muna bakin iyaka. Hanyar da ta tashi daga Maradi ta bi ta Ɗan Isa ta faɗa Jibiya da Katsina, majinyata suna bin ta gaba da baya. Ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, ta daɗe tana jinyar yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro a gundumar Madarunfa, kuma kowa ya san cikin iyayen da ke kawo yara akwai na ƙetaren iyaka da dama. Ƙasa ɗaya ta gaji tsarin Faransa, ɗaya ta gaji na Ingila, yaron da ke kwance kuwa Bahaushe ne ɗaya.

Bari mu fara da abin da ido ke gani, wato baki ya shiga baki. Kowa ya san wahalar caja: wayarka ta mutu, ga caja uku a gida, babu wadda ta shiga. Abin ya ishi Tarayyar Turai har ta yi doka, daga ƙarshen Disamba 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a can sai ta kasance mai baki iri ɗaya, USB-C. To a kayan likita wannan matsala tana nan daram. Tsinken awon sukari na wani kamfani ba ya aiki a na'urar wani. Na'urar awon ƙarfin jini ta HemoCue, wadda ake yawan amfani da ita a ƙananan likitoci, tana da samfurin 201 da samfurin 301, kamfani ɗaya ne ya yi su, amma ɗan gilashin ɗibar jini na ɗaya ba ya aiki a ɗaya. Na'urar da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar oksijin a jini, maƙalinta na wani kamfani ba lalle ya yi aiki a ta wani ba, kuma maƙalin babban mutum ba ya zama daidai a yatsan jariri. Tukunyar oksijin ita ma bakinta iri-iri ne, akwai na tsarin Faransa, akwai na Ingila, sai ka ga tukunya cike da iska, yaro na numfashi sama-sama, kan da zai fitar da iskar kuwa ya ƙi ɗauruwa. Har launin tukunya bai zama ɗaya ba: a Amurka kore ne alamar oksijin, a ƙa'idar ƙasa da ƙasa fari ne.

Wutar lantarki ma haka. Tamu bolt 220 ce, ta Amurka 120, don haka na'urar da aka yi wa can kaɗai, idan aka jona ta a nan ba tare da abin rage ƙarfin wuta ba, ƙonewa za ta yi. Filoginmu mai zagayayyun haƙora ne, na Najeriya mai haƙora uku ne masu kusurwa. Kuma ba mu manta ba, a watan Agusta 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka yi watanni ana rabon wuta. Na'urar tace oksijin daga iska ba ta san siyasa ba, in wuta ta ɗauke tsayawa take yi. Duk wanda zai kawo ta, sai ya kawo tunanin batir da faranti mai zuƙo hasken rana tare da ita.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da ya fi ba ni tsoro: abubuwan da suke shiga juna alhali bai kamata su shiga ba. Shekara da shekaru, bakin sirinji da na robobin asibiti kusan duk iri ɗaya ne, wanda ake kira Luer. Da shi ake jona robar ƙarin ruwa a jijiya, da shi kuma ake jona robar hanci da ake ba yaro madara. Ma'aikaci ɗaya a cikin dare, yara ashirin, fitila ba haske, gajiya ta yi yawa, yana iya jona sirinjin madara a jijiya, kuma madara a jijiya kisa ce. Wannan ya faru a ƙasashe masu arziki. A shekarar 2001 a birnin Nottingham na Ingila, wani saurayi mai shekara 18 ya rasu bayan an yi masa allurar maganin kansa mai suna vincristine a lakar baya, alhali a jijiya ake yin ta, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa sirinjin da ke iya shiga ko'ina yana cikin abin da ya buɗe ƙofar kuskuren. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kuskuren jona robobi a cikin matsaloli tara da ta fitar da shawarwarin magance su. Daga baya aka fito da ƙa'idar ISO 80369, wadda a 2016 ta ware wa robar ciyarwa bakinta na daban, ENFit, ta ware wa allurar baya nata, NRFit. Hikimar ita ce kada a dogara ga kulawar ɗan Adam kaɗai, a ƙera kayan yadda ko mutum ya so yin kuskuren ba zai yiwu ba. A yankin da ake ciyar da yara masu tamowa ta robar hanci duk damana, wa ya fi mu buƙatar wannan?

Ga misalai biyu da suka fi kusa da gida. Insulin iri biyu ne a kasuwa ta fuskar ƙarfi, akwai U-40 akwai U-100, kowanne da sirinjinsa. Idan ka zuƙi U-100 da sirinjin U-40 har zuwa layin 10, abin da ka zuƙa 25 ne, ninki biyu da rabi ke nan. Allura ta shiga kwalba lafiya, babu abin da zai yi ƙara ya gargaɗe ka. Haka robar ƙarin ruwa: ta manya ɗigo 20 ne ke cika mililita ɗaya, ta yara ɗigo 60. In likita ya ƙayyade ɗigo 30 a minti da nufin robar yara, aka sa ta manya, ruwan da zai shiga jikin yaron ya ninka uku, kuma zuciyar yaro mai tamowa ba ta jure yawan ruwa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Sai kuma maganar lamba, inda na faro. Mu mutanen Maradi ba baƙi ba ne ga wannan. Wanda ya ce maka dala ɗari, ka san faran 500 yake nufi, ba ka tsaya lissafi. In an ce buhu ya ci kaza, sai ka tambaya da tiya aka auna ko da mudu, kuma tiyar wace kasuwa. Ba ma yarda da lamba tsirara a kasuwa, amma muna yarda da ita a takardar likita. Sukarin kawu ɗaya ne a daren nan, amma ana iya rubuta shi 60, ko 3,3, ko kuma 0,60 idan da giram a lita aka rubuta kamar yadda aka saba a tsarin Faransa. Ƙarfin jini kuma, a nan an fi rubuta haimogulobin, a Najeriya an fi rubuta PCV, wanda ya kai kusan ninki uku na lambar farko. Ku duba wannan da kyau: uwa ta zo da ƴar takarda an rubuta 12. In haimogulobin ne, yaron jininsa lafiya. In PCV ne, haimogulobin ɗinsa 4 ke nan, matakin da jagororin Hukumar Lafiya ta Duniya suka ce a yi wa yaro ƙarin jini ba tare da jinkiri ba. Lamba ɗaya, ɗaya gida ɗaya gadon asibiti. Ga kuma waƙafi da ɗigo: ɗan lakwal ɗinmu yana rubuta rabi 0,5, ɗan firamaren Katsina yana rubuta 0.5, kuma 1.000 da mu muke karantawa dubu, shi ɗaya yake gani.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar. A manyan asibitoci, waya ce ko intanet ke ɗaukar bayani daga na'ura zuwa na'ura. A wajenmu, abin da ke haɗa na'urar likitar ƙauye da ta asibitin gunduma a Madarunfa da ta babban asibiti a Maradi, uwa ce a bayan babur, da goyo a baya, da karnen awo a cikin leda. Gaskiya ne Nijar da Najeriya duk suna amfani da manhajar DHIS2 da Jami'ar Oslo ta ƙirƙira, amma galibi jimillar alƙaluman wata-wata take kaiwa sama ga hukuma. Awon jinin ɗanki na jiya da daddare, a takarda yake tafiya. In takardar ta jiƙe, ko an bar ta a gida, ko an rubuta lamba babu ma'auni babu lokaci, igiyar ta tsinke. Sai a sake sukar yaron, a sake kashe kuɗi, a ɓata awannin da ba shi da su.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a majalisa: mai roƙo ba ya zaɓe, kuma na'ura ko wace iri ce ta fi babu. Ina girmama wannan magana, don na san yadda rashi yake. Amma a duba abin da aka gani. A 2011 masu bincike biyu daga Jami'ar Duke ta Amurka suka tattara bayanan na'urorin asibiti sama da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka tarar kusan kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki, kuma manyan dalilan su ne rashin horo, rashin tsarin kula da kayan, da rashin abubuwa kamar wuta. Tun a shekarar 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan kyautar kayan asibiti, inda ta ce kyauta ta bi buƙatar mai karɓa, kuma abin da bai cancanci a yi aiki da shi a ƙasar mai bayarwa ba, kada a tura wa wani. Na'urar da ba ta da tsinke tana cin wuri, tana sa hukuma ta rubuta cewa an wadata mu. Wadda ke ba da lamba da baƙon ma'auni kuwa ta fi wannan haɗari, don ana yanke shawara da ita. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wasu kuma za su ce a sayi komai daga kamfani ɗaya a huta. Wannan yana rage ruɗani, amma yana ɗaure mu a ƙafar ɗan kasuwa ɗaya, ranar da ya ƙara kuɗi ko iyaka ta rufe, shi ke nan. Abin da ya fi shi ne gunduma ta tsayar da ƴan samfura kaɗan, da ma'auni ɗaya na rubutu, ta sanar da kowa, mai saye da mai kyauta duk su bi. Ba na kuma goyon bayan a jona komai da kwamfuta don kawai a ce an ci gaba. Na'urar da agogonta ba daidai ba, ko ta zuba awon wani yaro a shafin wani, ta fi takarda saurin yaɗa kuskure.

Kada kuma mu ɗauki na'ura tamkar ba ta kuskure. A Disamba 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna cewa na'urar maƙala wa yatsa ta fi kasa gano ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farar fata. Yatsa mai sanyi, ko motsin yaro, ko fenti a farce, duk suna iya karkatar da ita. Tana da amfani ƙwarai, kuma ƙasa da 90 alama ce ta a ba yaro oksijin. Amma in ta nuna 94 alhali haƙarƙarin yaro na lotsawa, ba ya iya shan nono, a gaskata ido a faɗa wa ma'aikaci.

Akwai misali mai daɗi da ke nuna abin yana yiwuwa: ɗan zaren awon damtse. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar da milimita 115 a matsayin iyakar tamowa mai tsanani, a maimakon 110 na da. Ja, ɗorawa, kore. A Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata auna ƴaƴansu da shi a gida, aka ga sun iya. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba da likitan da ya yi shekara bakwai a jami'a suna karanta shi da ma'ana ɗaya. Wannan ita ce jituwar da nake nufi.

To me ya rage gare mu? Iyaye, karnen yaro ya zama kamar takardar gona, a sa shi a leda, a tafi da shi duk inda za a je, har ƙetaren iyaka. Mai waya ya ɗauki hoton kowane shafi. In an auna yaro, a roƙi ma'aikaci cikin ladabi ya rubuta lambar, da ma'auninta, da rana da lokaci. Mai sayen na'urar gida, kafin ya biya, ya tabbatar ana samun tsinkenta a Maradi, ya kai ta likita a gwada ta a nuna masa lambar da ke nufin haɗari, ya rubuta a jikin kwalin. Mai insulin ya duba kwalba ya duba sirinji, 40 da 40, 100 da 100. Kada a yi allura bisa lambar na'urar aro.

Ƴan'uwana malamai, darasin sauya ma'auni da muke yi a CM1 da CM2, wanda yara ke hamma a kansa, darasin ceton rai ne. Mu daina yafe wa yaron da ya rubuta amsa babu ma'auni. In ya rubuta 12, a tambaye shi, goma sha biyun me? Mu kawo kwalin magani da zaren damtse aji, mu nuna musu bambancin waƙafi da ɗigo a ƙasashen nan biyu. A gidaje da yawa, ɗan CM2 ne kaɗai zai iya karanta ƙananan haruffan nan da tsakar dare.

Mu da ke cikin kwamitocin kula da likita da na makarantu, da ƴan ƙungiyoyin ci gaban gari, in ɗan gari mai hali ya ce zai kawo kyautar na'ura, mu gode masa, sannan mu kai shi wurin shugaban likita kafin ya sayi komai. A tambaya: da wace wuta take aiki, da wane ma'auni take magana, ina ake samun kayan aikinta, nawa ne a shekara, wa zai gyara ta, wa zai koyar da ita. Wani lokacin kuɗin tsinken shekara biyu na na'urar da ake da ita ya fi sabuwar na'ura albarka, ko da ba za a yi bikin yanke ƙyalle a kansa ba.

Kawu yana nan da ransa. Mun manna takarda a bangon ɗakinsa mai layi biyu, lambobin na'urarsa a dama, na ta maƙwabci a hagu, an ja jan layi a inda sukari ya yi ƙasa. Jikarsa ƴar CM1 ce ta rubuta ta da hannunta. Yanzu duk wanda ya faɗi lamba a gidan, ko kuɗin cefane ne, sai ta ɗago kai ta ce, "Na mene ne?" Inna takan yi dariya ta ce yarinyar nan ta cika tambaya. Ni kuwa addu'ata ita ce Allah ya yawaita mana irinta, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa ma'aikatan da ke kwana a kan ƴaƴanmu da alheri.